Sanyin da Taja Ke Ji

Hancin Dilshada ne ya tona asirin. Ta shigo da bokitin ruwa daga famfon masallaci, don na gidansu ya daskare tun shekaranjiya, sai ta ji ƙamshin kwandon da wuta ta ɗumama. 'Yar masaƙin kangiri, kwandon garwashin da ake ɗumama jiki da shi, ba ta ɓatan wannan ƙamshi ko a cikin barci. Ta dire bokitin da ƙarfi har ruwa ya fantsama a kan tabarma.

"Moji, ɗaga rigar."

Uwarta Taja, wadda take kira Moji, tana zaune a kusurwar ɗaki da bargo biyu a kafaɗa, feran ɗinta, burmemiyar rigar ulu, ya yi tozo a gaba kamar mai cikin wata tara, ita da ke da shekara sittin da bakwai.

"Uwarki za ki cewa ɗaga riga? Hedimasta, nan ba aji ba ne."

"Ki ɗaga ko in ɗaga."

Taja ta kau da kai ta kalli bango. Dilshada ta durƙusa, ta cusa hannu ƙarƙashin feran ɗin, ta zaro kangirin ta mariƙinsa. Kaskon yumbun da ke cikin kwandon cike yake da garwashi, an lulluɓe shi da toka yadda zai kai la'asar bai mutu ba. Wannan shi ne na huɗu da ta kama a wata guda. Ta kai shi tsakar gida ta kife a kan dusar ƙanƙara, ya yi cuu, ta dawo tana huci.

"Wa ya kawo miki?"

"Aljanu."

"Moji, wallahi kina ba ni ciwon kai. Abin da ya ci miki cinya, shi kike runguma kamar jariri?"

"Sanyi nake ji."

"Kowa ma sanyi yake ji! Akwai wanda ya ce miki gumi yake yi a garin nan?"

Dilshada ba hedimasta ba ce. Malamar aji uku ce a firamaren ƙauyensu, kuma malama ce ta ƙwarai, irin wadda yaro ba ya iya yi wa ƙaryar ciwon ciki. An rufe makarantu hutun sanyi na wata uku, don haka ba ta da ɗaliban da za ta sa wa ido sai uwarta da ubanta. Ta kuwa sa musu.

A yi mata adalci, ba a banza take faɗan ba. Shekara hamsin Taja tana rungume da kangiri a ƙarƙashin riga. Na farkon mijinta Subhan ne ya saƙa mata da hannunsa a sanyin farko bayan aurensu, da 'yan madubai a jikinsa da zare ja, kuma tun daga nan bai taɓa barin kaka ta wuce bai saƙa mata sabo ba. Fatar cinyoyinta ta yi baƙi-baƙi da zanen wuta, amma wace tsohuwa ce ba ta da wannan? Sai gyambo ya fito a cinyar hagu. Taja ta ɓoye shi shekara biyu tana ɗaure shi da tsumma, saboda wurin ba wurin nuna wa mutane ba ne, har ranar da Dilshada ta ga tsumman a cikin wanki. A babban asibitin Srinagar suka ce sankarar fata ce. Suka yanke, suka ɗebo fata daga ɗaya cinyar suka liƙa. Shekara ba ta zagayo ba ƙullutu ya fito a inda kaluluwa ke fita, ya kai girman ƙwan kaza. Suka gasa shi da na'ura, ko gezau.

Daga nan ne aka tura su wurin Dakta Menon, wani siririn mutum daga can kudu, inda ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin firji. Kwat biyu yake sakawa a ofis, ga hular ulu har kunne. Ba ya jin harshen mutanen wannan kwari nasu, Taja kuma ba ta jin Urdu, balle Turanci, saboda haka duk maganar da za ta ƙetare teburin nan sai ta bi ta bakin Dilshada. Ya ce akwai sabon magani. Ba irin mai zubar da gashi ba ne, kuma ba shi ke kashe ciwon da kansa ba. Garkuwar jiki yake tasa daga barci, ya nuna mata ciwon, ita ta yi aikin.

"Wato maganin zuga ne," in ji Taja da aka fassara mata. "Irin na ƙanwar ubanki."

Ƙarin ruwa ne na rabin awa, duk bayan sati uku. Asibitin yana da gurbin mutum kaɗan ne a shirin, kuma wanda ya tsallake zuwa biyu a jere, sai a ba na bayansa a layi. Likitan ya ƙara da gargaɗi biyu. Na farko, ba ita ba kangiri, domin fatar da aka liƙa ba ta jin zafi sosai, za ta iya ƙonewa mai ita ba ta sani ba. Na biyu, garkuwar da aka zuga takan yi kuskure ta auka wa gidanta, don haka duk wani sabon abu da aka gani a jikinta, a faɗa masa. Ya lissafa gudawa, tari, ƙuraje, sarƙewar numfashi, rawayar ido, ya ce da duk wani abu makamancin haka.

Dilshada ta sayi littafi mai layi ta ja masa gidaje kamar rajistar aji. Kullum da safe ta tambaya ta rubuta: gudawa babu, tari babu, ƙuraje babu. Maganin kuwa ya yi abin mamaki. Bayan zuwa na huɗu ƙwan kazar ya koma ƙwan tattabara. Dilshada ta shiga banɗakin asibiti ta yi kukan murna ita kaɗai, ta wanke fuska ta fito, ta ƙudurta a ranta cewa ko da za a raba ta da kowa a gidan, ba za ta bari kaskon yumbu ya ɓata wannan aiki ba.

Kwana biyu bayan kama kangiri na huɗu suka shiga motar haya zuwa Srinagar don zuwa na biyar. Taja ta yi barci tun daga ƙauye har ƙofar asibiti. A ɗakin ƙarin ruwa ta ɗan farfaɗo, saboda Mugli tana nan. Mugli mai goge ƙasa ce, tsohuwa mai gibi, kuma duk zuwa sai ta jingina sandar gogenta ta zauna a bakin gadon Taja su taɓa hirar surukai da tsadar gawayi.

Dakta Menon ya zo zagaye yana murza hannuwa. Ya latsa ƙullutun, ya gyaɗa kai, ya duba littafin Dilshada ya yaba da tsarinsa. Sannan ya dubi Taja.

"Tambaye ta, akwai wani sabon abu?"

Dilshada ta tambaya. Taja ta ɗago ido a hankali ta dubi likitan, ba 'yarta ba.

"Ki ce masa sanyi nake ji. Ba na waje ba. A cikin ƙashi yake. Tun da ruwan nan ya fara shiga jikina."

Nas ɗin da ke gyara allurar 'yar kwarin ce, ta tuntsire da dariya. "Duk haka suke, Allah. Jiya wani dattijo ya ce in ba a ba shi kangirinsa ba, shi ma ba zai ba mu hannunsa ba."

Dilshada ta ji kunya ta kama ta. Ga mutum ya bar garinsu mai ɗumi ya zo yana karkarwa a cikin kwat biyu don ya ceci rayukan mutane, a ce masa tsohuwa tana jin sanyi a tsakiyar Disamba? Ta san abin da uwarta ke nufi sarai. So take likita ya ce to, a ɗan ba ta kangirin.

"Me ta ce?" in ji Dakta Menon.

"Ta ce lafiya lau, Dakta Sahib. Tana godiya."

Mugli ta dubi Dilshada, ta ɗauki sandarta ta ci gaba da goge ƙasa.

Sai Cillai Kalan ya shigo, kwana arba'in ɗin da ruwa ke daskarewa a cikin buta. Yayan Dilshada da ke aiki a ƙasar Larabawa ya aiko da bargon lantarki, abu mai kyau, sai dai wutar lantarkin awa uku take zuwa a rana, in ta ga dama. Dilshada ta sayo robar ruwan zafi biyu. Ta sa aka kafa murhun ƙarfe a ɗakin, tana cusa masa itace har bangon ya riƙa zufa, ita kanta ta tuɓe rigar sama. Taja tana nan a kusurwarta cikin bargo uku.

"Sanyi nake ji."

"Moji, kalli goshina. Gumi ne wannan."

"Naki goshin ne."

Abin ya ishi Dilshada. Ta gaji da fasa ƙanƙara, ta gaji da hura wuta, ta gaji da zama 'yar sanda a gidan da aka haife ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sabon salon da uwarta ta ɗauko. A tambaye ta abu, sai ta yi shiru kamar mai lissafi kafin ta amsa, da wata murya mai kauri. A kawo mata shinkafa da ganyen hak, ta ci loma uku ta ture. Shayin gishiri, wanda da take shan kofi biyar kafin hantsi, yanzu sai ya huce a gabanta. Fuskarta ta kumbura, Dilshada ta ce yawan barci ne. Ta yi kwana huɗu ba ta zaga ba, Dilshada ta rubuta gudawa babu, har da ja masa layi. Ta shekara goma sha biyu tana ganin yaran da aka ƙwace wa abin wasa, ta san fushi in ta gan shi. A ranta ta ce sabo turken wawa.

Subhan dai dama ba mai magana ba ne. Yana wuni a rumfarsa ta bayan gida, da tsumagun da ya jiƙa ya feƙe, yana saƙa wa mutanen ƙauyuka uku abin da aka haramta wa matarsa. Tun ranar da likitan farko ya faɗi sunan ciwon da abin da ya kawo shi, Subhan bai ƙara shigo da aikinsa cikin gida ba.

A rana ta goma sha tara da shigowar Cillai, Dilshada ta je rumfar neman wuƙa, ta same shi a durƙushe yana zuba garwashi da ɗan cokalin katako a cikin wani kangiri da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ƙarami ne, an yi masa kwando biyu, ɗaya cikin ɗaya, an cusa ulu a tsakaninsu.

"Ashe kai ne aljanin."

Subhan bai ɗago ba. "Taɓa ki ji. Ba ya ƙuna. Kwana shida na yi ina gwada shi a cikina."

"Baba, kai likita ne?"

"A'a."

"To me ya sa kake son kashe ta? Na farkon bai ishe ka ba?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Hannun tsohon ya tsaya cak. Da ta yi shiru a nan, da da sauƙi, amma wanda ya fara zuba ba ya son a ga ya tsaya a tsakiya. Ta fizge kangirin, ta fita da shi tsakar gida, ta buga shi da dutsen wanki. Kaskon ya tarwatse, garwashin ya watsu a kan ƙanƙara. Kwandon bai karye ba, don aikin Subhan ba ya karyewa da wuri, sai ta taka shi da takalmi har ya baje.

Da ta juyo, Taja tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. 

"Jibi ba zan je ba."

"Za ki je."

"Ruwan nan ne ya zuba mini sanyi. Na faɗa miki, na faɗa wa likitanki. Ba wanda ya ji. To ni da shi haihata-haihata."

"Moji, ƙullutun ya kusa ɓacewa! In kika tsallake biyu za su ba wani gurbinki. Kin san mutum nawa ke jira?"

"A ba su. Allah ya sa su suna da bargo."

Jibi ta zo, Taja ba ta je ba. Dilshada ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira yayanta a waya ya yi nasa, ta kawo limamin unguwa ya karanto abin da ya sani game da neman magani. Taja ta saurare shi da ido a rufe, da ya gama ta ce masa Allah ya saka da alheri, a rufe ƙofa in an fita. Mota ta yi ta hon a bakin hanya har ta gaji ta tafi. Dilshada ta buga wa asibiti ta ce ƙanƙara ce ta rufe musu hanya, suka ce to, sai zuwa na gaba, amma ta tuna da ƙa'ida.

Sati uku aka yi a gidan nan ba mai yi wa wani magana sai ta dole. Dilshada tana dafa abinci tana ajiyewa, tana cika robar ruwan zafi, tana rubuta babu, babu, babu. Takaici ya cika ta har wuya. Ita ce ta gano tsumman, ita ce ta yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har aka sa sunan uwarta a shirin, ita ce ke kan gaskiya, kuma ita ce aka mayar muguwa. Mace ta zaɓi kaskon yumbu a kan ranta, miji yana taya ta, a ce kuma mai hanawa ce ba ta da imani.

Ranar zuwa na gaba ta tashi da shirin yaƙi. Ta ce ko a kafaɗa ne sai ta kai ta. Ta haɗa takardu a jaka, ta shiga ɗaki da hantsi ta yaye bargon.

"Moji, tashi. Yau ba wasa."

Taja ta buɗe ido rabi. Leɓenta ya motsa, abin da ya fito ba magana ba ce sosai.

"Ki daina wannan, don Allah. Na gaji."

Subhan ya shigo a bayanta, abin da bai saba yi ba in tana ɗakin. Ya durƙusa ya kama hannun matarsa, ya taɓa wuyanta, ya sa tafinsa a cikinta ta saman riga. Sannan ya ɗago ya dubi 'yarsa, karo na farko tun ranar dutsen wanki.

"Shekara hamsin da biyar ina sayar wa masu jin sanyi abin ɗumi. Na san su. Mai jin sanyi karkarwa yake yi, haƙoransa na haɗuwa. Dube ta. Ta yi sanyi kamar tulu, kuma ba ta karkarwa. Wannan ba sanyin Cillai ba ne."

Dilshada ta taɓa. Ɗakin da zafi har tagogi na ɗigar ruwa, amma cikin uwarta sanyi ƙalau. 

Maƙwabta ne suka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa har bakin titi. A asibiti ba ɗakin ƙarin ruwa aka kai ta ba. Aka ɗebi jini, aka lulluɓe ta, aka jona mata na'urori, Dilshada da Subhan suka zauna a benci ɗaya da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Sai bayan la'asar Dakta Menon ya fito da takarda a hannu.

Ya taɓa gaban wuyansa ya yi bayani. Akwai wata 'yar halitta a nan, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ita ce murhun jiki, ita ke sa jini ya yi ɗumi, hanji ya motsa, zuciya ta buga da ƙarfinta. Garkuwar da maganin ya zuga ta cinye ƙullutun, ta kuma haɗa da wannan. Yakan faru, ba baƙon abu ba ne, kuma maganinsa ƙwaya ɗaya ce ƙarama kullum da safe. In an kama shi da wuri, ko kwanciya ba a yi.

"Na gwada wuyan a watan Nuwamba, lafiya lau yake. Amma wannan ya daɗe yana tafiya. Ba ta taɓa cewa tana jin sanyi ba? Ko yawan barci?"

Dilshada ta buɗe baki. "Dakta Sahib, Cillai ne. Kowa…"

"Ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin zuwa na biyar."

Ya tsaya yana kallonta. "Ranar na tambaya. Kika ce ta ce lafiya lau."

"Na ɗauka kangirinta take nema."

Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce da ya ji kalmar nan ɗaya, da a ranar ya sake gwajin. Ya ce Allah ya taimaka an kawo ta yau ba jibi ba. Dilshada ta tambaye shi, da wata murya da ita ma ba ta gane ba, ko da kangirin ya taimaka.

"A'a. Kangiri har yanzu babu shi, kin yi daidai a nan. Ba zai ɗumama ta ba ko ta rungumi goma."

Wannan ma bai sanyaya mata rai ba. Ta yi daidai, ga kuma inda daidai ɗin ya kai su. Ta buɗe littafinta a kan cinya, shafi bayan shafi na babu da kyakkyawan rubutunta, babu gida ko ɗaya da aka ja wa abin da uwarta ta yi kwana sittin tana faɗa.

Kwana takwas Taja ta yi a asibiti. Likitan ya rubuta cewa rashin lafiya ce ta hana ta zuwa, don haka gurbinta yana nan, za a ci gaba da ƙarin ruwan in jikinta ya daidaita, in kuma ta yarda. A gida kumburin fuskar ya fara saɓewa. Muryarta ta dawo, faɗanta ya dawo, ta koma kofi huɗu na shayin gishiri, ta yar da bargo ɗaya, sannan na biyu. Tana karɓar ƙwayar daga hannun Dilshada kowace safiya ta ce madalla. Dilshada ta nemi gafara sau biyu, sau biyu Taja ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta ci gaba da abin da take yi. Game da komawa asibiti kuwa ba ta ce uffan ba, Dilshada kuma ba ta da bakin tambaya.

Ranar da aka sa musu ta zo a ƙarshen Fabrairu, ƙanƙarar kan rufi ta fara ɗiga. Dilshada ta fito daga ɗakin girki ta tarar da uwarta ta yi wanka, ta sa feran ɗinta na fita, ta ɗaura farin mayafi. Daɗi ya kama ta. Ta ruga ta sa takalmi, ta ɗauko jakar takardu.

"Kawo jakar," in ji Taja.

"Zan riƙe, Moji, ba nauyi."

"Kawo. Ubanki ne zai kai ni."

Subhan yana tsaye a tsakar gida da hularsa ta zuwa Juma'a, yana kallon ƙasa.

"Baba? Baba bai san ko ƙofar da ake shiga ba. Ba ya jin Urdu. Wa zai yi miki magana da likita?"

"Mugli."

"Mai goge ƙasa?"

"Ita. Mun gama magana tun ina kwance. Tana jin Urdu daidai gwargwado, kuma ba ta yi karatun da za ta gyara mini magana ba. In na ce sanyi, sanyi za ta ce."

"Moji, na ce ki yafe mini."

"Na yafe. Yafiya daban, tafinta daban." Ta miƙo hannu. "Zan sha ruwan zugar nan har su ce ya isa, ba don ke ba, don na ga yana aiki. Littafin ki riƙe abinki."

Dilshada ta zaro littafin ta miƙa jakar. Taja ta rataya wa mijinta a wuya, ta gyara masa ita kamar yaron da za a kai makaranta. Suka taka a hankali cikin caɓi, shi a gaba yana nuna mata inda za ta sa ƙafa. Dilshada ta biyo su har ƙofar gida ba mayafi ba rigar sama, ta tsaya riƙe da littafin, iska tana kaɗa mata gashi.

Taja ta waiwayo daga bakin hanya.

"Koma ciki, sanyi ake yi."

"Ba na jin sanyi," in ji Dilshada, haƙoranta na haɗuwa.

Taja ta dube ta daga sama har ƙasa.

"To. Tunda kin faɗa, na yarda."

Ta kama hannun Subhan ta hau motar.